Suyar da Loni Ta Yi Bayan Ambaliya

Tun ranar da aka kawo ni gidan miji nake maƙwabtaka da Loni Radermacher, bango ne kawai tsakaninmu, kuma har ambaliyar nan ta zo ban taɓa lasar abincinta ba. Ba gaba muke yi ba, muna gaisawa, benci ɗaya ma muke zama a coci. Ita dai Loni hannun jarirai gare ta, abin da ya shige shi sai an ɓamɓare. Tana da bishiyar tuffa a bayan gida wadda reshe ɗaya ya ratso ta kan katangata, to duk kaka sai ta zagayo da kwando ta tsince waɗanda suka faɗo a filina, ta ce min sannu da gida, ta fice. Mijina Alois yakan ce in ƙyale ta, ai tuffa ce kawai. Ni kuwa ba tuffar ce ke ci min rai ba, sannun ce.

A ɗakin sama na gidan nata aka haife ta. Tsohon gini ne irin na kakanni, ginshiƙan katako da yumɓu a tsakani, shi ne na ƙarshe a layinmu kafin a kai gada, tagoginsa na kallon kogin Ahr. Ubanta gangunan katako yake sassaƙa wa manoman inabi. Uwarta ta rasu tun Loni na makaranta, ita ta riƙe tsohon har ya cika a hannunta. An yi wani ma'aikacin jirgin ƙasa daga garin Remagen da ya nace mata, mutumin kirki, har ya fara zuwa cin abincin Lahadi. Ta ce masa ta yarda, amma a gidan nan za a zauna. Ya ce aikinsa na can. Ta ce to ya gaida aikin. Iyakar abin da aka yi na auren Loni ke nan. Daga nan sai ɗinki, da tsinkar inabi in kaka ta yi, da sharar coci ran Asabar. Lokacin da kowa a layin ya sa tankin man ɗumama gida a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ita ta ce itace ya ɗumama ubanta, ita ma zai ɗumama ta. Duk rani za ka gan ta tana jan amalanke daga daji, tana tara itace a bayan gida a jere kamar za a zo dubawa.

Abin da ruwan ya yi mana kowa ya gani a talabijin, kuma ba zan ja labarinsa ba. Kogin da yara ke tsallakewa da wando a naɗe ya taso a watan Yuli ya haura motoci, ya haura tagogi, ya taɓa silin. Ni da Alois a ƙarƙashin rufi muka tsira, Loni ma a nata. Gari ya waye babu gada, babu titin jirgi, babu gidan burodi, rabin maƙabarta ya tafi. Mata da miji da ke gida na uku daga namu sai bayan kwanaki aka gano gawarwakinsu, can ƙasa da gari. Laka har gwiwa a ko'ina, motoci a jibge kan juna a bakin coci, sannan ga wari. Warin ne talabijin bai nuna ba. Ruwan ya shiga ɗakunan ƙasa na kwarin nan kaf, ya tumɓuke tankunan mai ya farfasa su, man ya hau kan ruwa ya shiga duk inda ya ga dama. Iskar gari ta koma kamar ka sa hanci a tankin babbar mota.

Manoma ne suka fara isowa da taraktocinsu, tun hukuma na neman hanyar shigowa. Daga baya sai ga jama'a daga ko'ina a Jamus, mota-mota, kowa da shebur da takalmin roba. Mutumin da ba ka taɓa gani ba zai shigo falonka ya yini yana kwasar laka, ya ɗaga hoton aurenka da ya ruɓe ya tambaye ka a zubar ko a ajiye. Allah ya saka musu, in ba don su ba da yanzu muna cikin taɓo. Amma in za a faɗi gaskiya, a lokacin ba wanda ya yarda da wani. An yi ɓarayi da rigar agaji, an yi masu zuwa ɗaukar hoto kawai, an yi masu zuwa tayin fili tun ba a gama binne mutane ba. A rumfar agaji da aka kafa a filin makaranta kowa na leƙen abin da aka ba wani. Ni kaina har yau ina iya faɗin waɗanda suka karɓi janareta kafin mu.

Abu ɗaya ne kowa ya haddace cikin 'yan kwanaki, har waɗanda ba su san komai a kan gini ba. Gidan da ruwa kawai ya shiga yana da magani: a kankare filasta, a sa injin busar da bango, a jira. Gidan da mai ya ratsa bangonsa kuwa, musamman tsohon katako da yumɓu, sai katafila. Kuma waɗanda ke gaɓar kogi, an ce in an rushe ba za a bari a sake ɗora ko bulo ɗaya a wurin ba.

Ana cikin haka wata safiya na leƙo ta taga sai na ga Loni ta kafa murhun gas a kan dakalin ƙofarta, da wani ƙaton kasko da ta aro a rumfar agaji. Ga buhun dankali a gefe, tana gogawa, tana haɗawa da albasa da ƙwai, tana soya waina. Wainar dankalin da sai a kasuwar Kirsimeti muke samunta, ita Loni ke rabawa ga duk wanda ya miƙo faranti. Har da markaɗen tuffa a kai, daga kwalaben da ta ɓoye a sama shekara da shekaru.

Na kira Alois ya zo ya gane wa idonsa. Ya ce ikon Allah, ashe masifa na gyara mutum. Na ce tana gyara mutum, amma ban da Loni. Matar da ke shanya ganyen shayi ta sake dafawa ba za ta wayi gari tana ciyar da rabin ƙasa haka kawai ba, akwai wata a ƙasa. Ya ce ni dai ko mala'ika na gani sai na duba ƙarƙashin fiffikensa. Na ce ƙwarai kuwa.

Ba ni kaɗai ba ce abin ya tsaya wa. Matar mai gidan burodi ta ce dankali da man suyar da ake ba Loni a rumfa rabi take soyawa, rabi na hawa sama. Wani ya ce so take a sa ta a jarida, kuma an sa ta ɗin, da ɗan kallabinta, an rubuta wai uwar 'yan agaji. Na karanta na yi tsaki. Wata kuma ta rantse Loni ta tsinci akwatin azurfar wani a cikin laka, shi ya sa ba ta barin kowa ya shiga gidan. Wannan maganar ce ta kama ni, ba don azurfar ba, don ƙofar.

Kowane gida a layin a wangale yake, ba ƙofa ba taga, 'yan agaji na shiga suna fita da baro. Na Loni kaɗai ne a rufe. Lakarta ita ta kwashe da hannunta, bokiti-bokiti, mace mai shekara saba'in da ɗoriya. In 'yan agaji suka gama ci suka ce, Kaka, bari mu shiga mu kankare miki filasta, sai ta ce su je wajen waɗanda suka fi ta buƙata, ta ƙara musu waina a faranti. Da layi ya zo kanta a kan injin busar da bango, injin da mutane ke kusan ba hammata iska a kansa, sai ta ce a ba wani. Loni fa, ta ce a ba wani. Daga ranar hankalina bai sake kwanciya da ita ba.

Injiniyan da aka fara turowa yana da ƙauye guda a gabansa da yini ɗaya. Abin da ya dame shi ko gida zai rufto wa mutane, in kuma hancinsa ya ji mai sai ya sa a zo a huda bango a gwada. Ya iso ƙofar Loni da tsakar rana, a gajiye, da alama ko karyawa bai yi ba. Ina tsaye ina kallo ta cika masa faranti, ta buɗe ƙofar kaɗan, hayaƙin suya ya riga shi shiga. Ya leƙa kai, ya dubi ginshiƙai yana tauna, ya ce mutanen da sun iya gini, ya wuce gida na gaba.

Namu gidan na bulo ne, uban Alois ya sake gina shi bayan yaƙin duniya, amma ya jingina bangonsa da na Loni, ko wuƙa ba ta shiga tsakani. Muka kankare, muka samu inji da ƙyar, ɗakuna suka fara bushewa, ban da wannan bangon. Ya ƙi bushewa, kuma wani tabo mai duhu ya fito a gindinsa, in na goge da safe kafin yamma ya dawo. Akwai ƙungiyar magina da ke bin ƙauyuka suna gyara wa tsofaffi gida kyauta. Da suka zo kanmu, babbansu ya shafa tabon, ya shinshina yatsa, ya ce ba za su sa hannu ba sai injiniya ya ga bangon ta fuska biyu. Na zagaya na gaya wa Loni. Ta ce wannan makon aiki ya yi mata yawa. Mako na gaba ta ce ba ta jin daɗi. Na gaba kuma ta ce ta ɓatar da makullin ɗakin, makullin da nake gani yana reto a wuyanta.

Alois ya yi aikin fasa dutse da ƙuruciya, huhunsa dama lallaɓa shi muke yi. Ga mu a ɗakin sama a kan danshi, ba abin ɗumama gida, ganyen inabi ya fara ja, safiya ta fara cizo. Tarinsa ya koma irin wanda ke sa mutum ya dafa bango. Likita ya ce ko a gyara gidan kafin sanyi ya kankama, ko a kai shi wani wuri. Shi kuma ya ce in aka fitar da shi daga gidan ubansa, a akwati za a dawo da shi. Tsofaffin kwarin nan duk kansu ɗaya, ni ma ban cire kaina ba.

Sai na sa wa Loni ido sosai, aikin da dama na iya. Ruwan sama ya wanke layi, an kwashe tsibin shara, warin mai ya fara barin gari, amma albasar Loni ƙaruwa take yi. Da farko wainar dankali ce da ɗan albasa, yanzu ta koma wainar albasa da ɗan dankali. 'Yan agaji sun ragu, kowa ya koma bakin aikinsa sai ƙarshen mako, amma ita gari na wayewa kasko na kan wuta, ko mutum biyu ne a layin. In iska ta juya sai ta ja murhun ta bi ta, yadda kullum hayaƙin ke rufe bakin ƙofa. Wata Talata da ba kowa, na ga ta zuba albasa zalla a mai ta bar ta tana ƙonewa, tana zaune tana kallo. Marowaciya na ƙona albasa da gangan, ai ko yaro ya san da magana.

Ran Lahadi a tantin da muka mayar coci na zauna kusa da ita kamar kullum. Da aka durƙusa sai na karkata na shinshina kafaɗar kwat ɗinta. Albasa ce a sama, man suya a tsakiya, a ƙasa kuma abin da nake tsoro. Ba ta ko juyo ba, idonta na kan fada mai jan addu'a, ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Resi, da baki ake addu'a, ba da hanci ba."

Na zaci in na gano sirrinta zan ji daɗi. Ban ji ba. Na gwammace a ce azurfar ce.

A makon nan magina suka aiko cewa ran Alhamis wani injiniya zai zo, mai injin huda bango. In bai ga ɓangaren Loni ba za su wuce ƙauye na gaba, mu sai bazara, in Allah ya kai mu. Shi kuma ba shi da ikon kutsawa gidan mutum ba izini, sai fa in wani ya kai ƙara, ko shi da kansa ya ji abin da ya isa hujja. Wanin da zai kai ƙarar kuwa ba sai an faɗa min ko wace ce ba.

Ran Laraba da yamma ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Na hango ta tana ƙoƙarin shigar da kasko, hannu biyu a cike, ta tura ƙofa da ƙafa. Na yafa mayafi na tsallaka, na bi bayanta kafin ƙofar ta rufe.

Ban yi taku uku ba idona ya fara hawaye. Ashe ita kaɗai ta kankare filastar gidan gaba ɗaya, har inda tsani ya kai ta. Ginshiƙan ubanta na tsaye tsirara, baƙi wuluk, suna ƙyalli, man na tsatsowa daga jikin katakon yana gangarowa. Yumɓun da ke tsakani ya sha ya ƙoshi. Ko'ina a ƙasa kwanoni ne cike da garin kofi da soda da garin katako, ga buroshi a bokiti duk sun cinye har gindi. Na dubi hannunta da kyau a karo na farko, na ga fatar ta tsattsage. Da ina cewa zafin kasko ne.

Ta ajiye kaskon, ta ce, "To, kin gani. Hankalinki ya kwanta?"

Na ce, "Loni, a cikin wannan kike kwana?"

"A ina kike so in kwana, a kanki?"

Ta ce raguwa yake yi. Ta ce in na ga yadda yake a watan Agusta da na san an samu sauƙi. Katako abu ne mai numfashi, ubanta ya sha faɗa, abin da ya sha zai amayar, lokaci kawai yake so. Ita abin da take nema a bar ta zuwa bazara, in rana ta fito ta buɗe tagogi, za a ga ikon Allah. Tana maganar tana goge wani ginshiƙi da gefen zanenta na girki, wurin na sake jiƙewa a bayan hannunta.

Na ce mata ba ya raguwa, kuma ta sani. Na ce ya ratsa har bangonmu. Na ce gobe injiniya zai zo, in magina suka wuce mun shiga uku, Alois ba zai kai bazarar da take magana ba. Raina a ɓace yake, ban tauna ba, na ce ta ciyar da mutane wata da watanni ba don Allah ba, don ta toshe musu hanci, kuma har an sa ta a jarida.

Ta ce, "Sun ci ko ba su ci ba?"

Sun ci kam, ni ma na ci, kuma wainar ta yi daɗi.

Ta ce, "Za ki faɗa masa?"

Na ce ban sani ba.

Sai ta matso, ta nuna ni da yatsa. "Ni ban taɓa sayen man nan ko na cokali ɗaya ba, Resi. Dariya kuka riƙa yi min ina jan amalanke. Naku ne. Naku ne duka, ku masu tanki, daga nan har can saman kwari. Ku kuka saya, kuka ɗumama ƙafafunku, ni ya zo ya zauna wa a gida. In aka rushe nan ina za ni? Ban taɓa kwana a wani ɗaki ba tunda aka haife ni."

Tankinmu ma ya tafi a daren, ban san bangon wa ya shiga ba, kamar yadda ba wanda ya san na wa ne a nata. Haushinta nake ji, tausayinta nake ji, kuma kunya ta rufe ni, duk a lokaci ɗaya. Muna tsaye haka sai tarin Alois ya taso daga ɗakinmu na sama. Da yake ba filasta a bangon ko ta wane ɓangare, sai ka ce a ɗakin yake tare da mu. Ya daɗe yana yi, ya tsaya, ya ja numfashi da ƙyar, ya sake kamawa. Muka saurara har ya lafa.

Loni ta ce, "Kullum ina jin sa." Ta juya min baya ta fara tattara kwanoni. "Ja min ƙofar in za ki fita."

Da na koma Alois ya tambaye ni me ya sami idona. Na ce albasar Loni ce. Na dafa masa shayi, na ƙara masa bargo, na zauna ina saƙawa ina kwancewa. Kafin gari ya waye na yanke shawara zan faɗa, kuma na san daga ranar ba zan sake iya zama benci ɗaya da ita ba.

Abin da ya fara tashe ni da safen Alhamis shi ne rashin ƙauri. Watanni ke nan da albasa nake farkawa, yau babu. Na leƙa. Murhu na nan a kan dakali a kashe, kasko a kife. Ƙofar Loni a wangale, tagoginta na sama da na ƙasa duk a buɗe, ita kuma tana zaune a kujera a bakin titi cikin kwat ɗinta na zuwa coci, jaka a cinya. Warin ya fito ya cika layin. Mutane suka riƙa fitowa suna tsayawa a ƙofofinsu, ba mai cewa komai, har matar mai gidan burodi da bakinta ba ya rufuwa.

Wasu 'yan agaji biyu da suka saba karyawa a wurinta suka iso da farantansu. Ta ce musu yau ba suya, gas ya ƙare. Suka ce bari su ɗauko mata wata tukunyar a rumfa, ta ce su bar shi, su je su nemi burodi.

Injiniyan ya sauko daga mota da akwatin kayan aikinsa, ya nufo gidanmu, sai ya tsaya cak a tsakiyar titi ya juya. Ya ƙaraso gabanta ya cire hula, ya ce, "Malama Radermacher, ko za ki ba ni izini in duba ciki?"

Ta ce, "Shiga, ba sai ka goge takalmi ba."

Bai daɗe ba. Ya huda inda zai huda don cika aiki, amma fuskarsa ta riga ta faɗi komai tun daga bakin ƙofa. Ya durƙusa kusa da kujerarta ya yi mata bayani a hankali, tana gyaɗa kai kamar ana gaya mata farashin dankali. Sannan ya shigo namu ya ce bulo bai sha sosai ba, da zarar an kawar da bangon da ke shayar da shi za a iya kankarewa a busar ta waje. Magina suka ce Litinin za su fara da sauran ɗakunan. Ban buɗe baki na faɗi komai ba, ba a ma tambaye ni ba.

Katafila ta zo ta rushe gidan Loni kafin ƙanƙara ta fara sauka, aikin rabin yini. Alois ya ga bazara, ya ga wadda ta biyo ta. Loni kuma wani ɗan ɗan'uwan ubanta ya samo mata ɗaki a gidan tsofaffi a birnin Bonn, hawa na huɗu, inda tagarta ke kallon wurin ajiye motoci. Nakan hau bas in je. Takan ce abincinsu ba gishiri, kuma har yau ba ta taɓa tambayata me aka yi da filin ba.

Amma a ranar Alhamis ɗin, bayan injiniya ya tafi mutane sun watse, halina bai bar ni ba. Maganar da ta gaya wa 'yan agaji ta tsaya min a rai. Na ce a zuciyata, ashe ba don mu ta yi ba, gas ne ya ƙare mata, dabara ta ƙare, shi ne ta sa kwat ta zauna kamar wata waliyyiya. Har wani sauƙi na ji, don in haka ne ba ta bina bashin komai. Tana can zaune ta ba ni baya tana kallon kogi. Na lallaɓa na hau dakalin, na kama tukunyar gas ɗin da hannu ɗaya don in jijjiga.

Ko motsi ba ta yi ba. Na sa hannu biyu, da ƙyar na ɗaga gefe ɗaya. Cike take fal.

Loni ba ta juyo ba. Ta ce, "Ajiye musu kayansu, 'yar sa ido, kada ki karya bayanki. Wa zai kula da shi in kin kwanta?"